A Taimaka a Zagar Mini Miji

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Littafin awo ne wannan. Gabansa cike yake da ƙugu da kafaɗa da tsawon hannun matan unguwa, amma tun da aka ce kowa ya zauna gida babu wadda ta kawo ɗinki. Bari in juya shi ta baya in riƙa rubuta labarin gidana, kada takarda ta tafi a banza.

Kwana biyar ke nan da kulle. Lafiya lau muke.

Da ba don annobar nan ba, da yanzu mijina yana tsakiyar fili mutum dubu goma suna zaginsa. Alƙalin wasan ƙwallo ne, shekara ashirin da biyu yana busa usur, har ni ma Alƙali nake ce masa. Yau da babu wasa sai ya dawo kaina. Na ajiye kofin shayi a kan rediyo, kawai sai na ga ya zaro katin gargaɗi daga aljihu ya ɗaga mini. Katin gaske fa, na aiki.

Na ce, "Alƙali, in ka ba ni ja ina za ni? Waje dai an hana fita."

Ya ce, "Kicin."

Litinin, ƙarfe tara na safe

Na samu abin yi. 'Yarmu, wadda ubanta ke kira Likita tun tana rarrafe, ma'aikaciyar jinya ce, kuma ta ce ba za ta riƙa kwana gida ba sai abin ya lafa. Ita ta turo mini hoton yadda ake ɗinka takunkumin fuska. Duk guntayen ƙyallen da na tara shekara da shekaru, waɗanda Alƙali ke kira shara, yau ranarsu ta zo. Ina sa su a kwando in zura da igiya daga baranda, na ƙasa su ɗauka.

Gidan namu bene ne, gidaje biyar a sama, biyar a ƙasa, sun zagaye tsakar gida ta siminti mai famfo ɗaya. Mu muna sama. An ce a bar tazarar mita biyu tsakanin mutum da mutum, to nan fa Alƙali ya samu aikin yi. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana auna taku goma kafin bugun tazara, mita biyu wasa ne a wurinsa. Da safen nan ya tsaya a baranda da usur yana tsara layin ɗiban ruwa. Har Gwaggo, tsohuwar da ke gida na farko a ƙasa, sai da ya busa mata. Ta ɗaga kai ta ce, "Ɗan nan, ni na haifi sa'anka." Amma ta ja baya.

Mutum ɗaya ne ya ƙi ja. Mai Ganga. Gidansa na ƙasa yana kallon namu. Sana'arsa gyaran firji, amma ainihin aikinsa a duniya zagin mijina. Shi ne shugaban magoya bayan ƙungiyar garin nan, shi ya ƙirƙiro kiɗan nan da duk filin ke amsawa: ya doki ganga sau uku, jama'a su ce, "Alƙali, ina tabarau?" Akwai shekarar da ya jefo tabarau ɗin surukarsa cikin fili. Abin haushi kuma sai su haɗu a ƙofar gida washegari su gaisa lafiya lau. Ni dai ba na amsa gaisuwarsa sai da ƙyar.

Laraba, bayan azahar

Kullum da safe Alƙali yakan kira Mai Tuta su yi rabin awa suna gardama kan wasannin da aka gama tun kafin Likita ta shiga sakandare. Mai Tuta shi ne mataimakinsa, mai gudu a gefen layi na dama, shekara goma sha huɗu suna tare. Alƙali ya sha cewa ko bai juya ba ya san abin da tutar za ta ce, amma duk da haka sai ya juya.

Yau matarsa ce ta ɗauka. Ta ce zazzaɓi ne, ya kwana uku yana ɓoyewa.

Alƙali ya yi atisayensa a baranda kamar kullum, gudu da baya-baya daga ƙofarmu zuwa ƙofar malamin makaranta. Ya ture mini bokitin wanki. Na ce ni wa zai ba ni kati in ɗaga masa?

Juma'a, ƙarfe shida na yamma

An kai Mai Tuta asibiti. Ba a shiga dubiya. Na ɗinka takunkumi talatin.

Lahadi, ƙarfe goma na safe

Ina tsakiyar ɗinki ya tsaya a kaina ya ce, "Tarin nan da na yi a makon wasan ƙarshe, kwana nawa na yi da shi?"

Na ce, "Mura ce, Alƙali. Kwana biyu."

Ya ce, "Uku."

Na ce to uku. Ban san abin da ya kawo maganar ba, kuma ban tambaya ba, roba ta ƙare mini ina neman wata.

Talata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Waya ta yi ƙara da ƙarfe goma. Mutum biyar aka yarda su raka Mai Tuta, kuma ba ma cikin biyar ɗin.

Shinkafa ta ƙone.

Laraba

Lafiya lau muke.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Asabar ta uku babu wasa. Bari in rubuta shi sau ɗaya, tun da hannuna ya yi ta kewaye-kewaye: Mai Tuta ya rasu. Allah Ya jiƙansa. Mutum ne mai dariya har sai ya riƙe ciki, kuma duk zuwansa gidan nan sai ya ce wandon da na ɗinka masa ya tsuke, alhali cikin ne ya ƙaru.

Maƙwabta sun yi mana ta'aziyya daga nesa, kowa a ƙofarsa. Har Mai Ganga ya fito ya cire hula ya ce, "Ya haƙuri, Alƙali? Allah Ya ba da dangana." Muryarsa ƙasa-ƙasa, na rantse ban san yana da irin wannan murya ba.

Alƙali ya ce, "Na gode." Ya koma ciki. Bai yi kuka ba. Usur ɗin ya sa shi a durowa tare da katunan, ya rufe.

Litinin, ƙarfe takwas na safe

Na ajiye kofi a kan rediyo. Da gangan. Ya kalli kofin, ya kalli bango.

Laraba, ƙarfe uku na rana

Kofi biyu a kan rediyo, ɗaya da cokali a ciki. Babu kati.

Na ɗauki takalmansa na fili, waɗanda ko Likita ba ta isa ta taɓa ba, na tokare ƙofar kicin da su. Ya tsallake ya wuce. Na ce masa ni a ganina ma ƙwallon da ya soke a wasan ƙarshe ci ne lafiyayye. Shekara ashirin da shida da aure ban taɓa faɗin irin wannan ba, na ja baya ina jiran aradu ta faɗo.

Ya ce, "Wataƙila."

Wataƙila! Mutumin da ko kan gishirin miya ba ya cewa wataƙila.

Ba ya atisaye. Yana zama a kujerar da ke kusa da labule tun safe, rabin burodi ne abincinsa. Layin famfo ya koma yadda yake, kowa a kan kowa, Gwaggo ce kaɗai ke kora su da sandarta.

Juma'a, bayan la'asar

Likita ta kira. Na ce mata lafiya lau muke. Ta ce, "Umma, ba ni Abba." Minti biyu suka yi, ya miƙo mini wayar.

Ta ce, "Umma, wannan ba gajiya ba ce. Damuwa ce, kuma cuta ce kamar kowace, muna ganinta a nan kullum tun da aka rufe mutane a ɗaki. Kada ki ce zai ware da kansa." Ta ba ni lambar wata ma'aikaciya da ke sauraron masu irin wannan ta waya, ta ce in sa shi ya fito rana, ya motsa jiki, ya yi magana.

Na rubuta lambar a takarda na manna a jikin rediyo. Ya karanta ya ce, "Ni me zan ce mata?"

Tsoro nake ji. Na rubuta, na huta.

Lahadi, ƙarfe bakwai na safe

Ya yi magana. Ina dama shayi, bayana gare shi, ya ce, "Gora ɗaya muka sha."

Na juyo. Ya ce a wasan ƙarshe, lokacin hutun rabin lokaci, Mai Tuta ya manta gorar ruwansa, shi kuma ya miƙa masa tasa. Yana tari a makon. Ya ce, "Ni na miƙa masa da hannuna."

Na ce, "Haba Alƙali, ba laifinka ba ne."

Ya yi wani murmushi da ban so ba. Ya ce, "Haka Likita ta ce. Haka za ki ce. Shekara ashirin da biyu, in ruwa ya sauka a fili laifina ne, in gola ya yi barci laifina ne. Mutum dubu goma su gaya mini, in dawo gida in ci abinci in yi barcina. Yanzu ga abu guda da nake ganin nawa ne, kowa ya zama mutumin kirki. Sannu Alƙali, ya haƙuri Alƙali. Kamar ni ne gawar."

Ni kuwa na wuni da maganar a kan keken ɗinki, har na ɗinka wani takunkumi da kunne uku.

Litinin, ƙarfe sha biyu na rana

Na yi abin da ban taɓa zaton zan yi ba. Na jira Mai Ganga ya fito ɗiban ruwa, na sauka da bokitin da babu abin da zan yi da shi, na tsaya mita biyu daga gare shi.

Na ce, "Malam Mai Ganga, wata alfarma nake nema."

Ya ce, "Firji ne? Ki turo shi ƙofa."

Na ce, "Ba firji ba ne. So nake ka zagar mini miji."

Ya ajiye jarka. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya ce, "Uwargida, ke ma lafiyarki kuwa?"

Na yi masa bayani iya wanda zan iya, ban da maganar gora. Na ce kowa na lallaɓa shi kamar ƙwai, shi kuma lallaɓar ce ke kashe shi. Ya girgiza kai ya ce, "Ni in zagi mutum yana cikin makoki? Me kika ɗauke ni? Ni ɗan ƙwallo ne, ba ɗan iska ba."

Na ce, "Shekara goma sha ɗaya kana yi kyauta, yau da ake nema ka zama malami?"

Ya ce, "Ai ba haka abin yake ba. Zagin nan ba ya zuwa haka nan, sai an cuce ni. Sai na ji shi a nan." Ya doki ƙirji. Sai kuma ya rage murya ya ce shi ma ba daidai yake ba. Ganga tana rataye a ƙusa mako huɗu. Ran Asabar da yamma yakan rasa inda zai sa hannunsa, sai ya kama dukan matashin kai. Matarsa ta kama shi yana yi wa wani tsohon firji bayanin satar gida.

Na hau bene da bokiti ina jin tausayin Mai Ganga. Duniya ta zo ƙarshe.

Laraba, ƙarfe biyu na rana

Direban tasi na ƙasa, shi da ke da takardar fita, ya ajiye mini leda a ƙofa. Matar Mai Tuta ce ta aiko. Tutar ce, mai ja da ruwan ɗorawa, sandar ta yi sulɓi daidai inda hannunsa ke riƙewa.

Na shiga kicin na kira ta. Ta ce, "Yaya, a bayan ƙofa take, duk na rufe ƙofa sai na gan ta. Ku riƙe, gidanku ne gidanta."

Na daure na gaya mata maganar gora. Sai na ji ta yi dariya, dariyar da ke da majina a ciki. Ta ce, "Mijina? Wanda ke shan ruwan kowa? Gorar gola, gorar mai ɗaukar hoto, gorar ɗan sanda. Kuma a gidan waya yake aiki, mutum ɗari ke numfashi a kansa kullum. Ki ce wa Alƙali ya daina ɗaukar wa kansa girma."

Na gaya masa kalma da kalma. Ya gyaɗa kai kawai. Tutar ban nuna masa ba, na tura ta ƙarƙashin ƙyallaye a kwandon ɗinki.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Tun da sai an cuci Mai Ganga, to a yi wasan da za a cuce shi.

Malamin makaranta ya ba da alli, ni na ba da tef ɗin awo. Mun zana da'ira shida a tsakar gida, mita biyu tsakanin kowace. Dokar ɗaya ce: kowa ya tsaya a da'irarsa, in ƙafa ta fita satar gida ce. Raga kuwa bokiti ne a kwance, ɗaya ta wajen famfo, ɗaya ta wajen matakala. 'Yan sama uku, 'yan ƙasa uku, duk magidanta masu tumbi, kowa da takunkumin da na ɗinka. Mai Ganga ya ce shi ba ya buga ƙwallo, shi mai goyon baya ne, kuma 'yan ƙasa yake yi.

Gwaggo ta ce a kula mata da tukwanen furanninta, wanda ya fasa ya shiga uku.

Asabar, ƙarfe shida na yamma

An buga. Malam ne alƙali, da murfin tukunya da cokali a madadin usur. Allah Ya ba shi lada, amma mutumin nan bai san ƙwallo ba. Mai aski, ɗaya daga cikin 'yan ƙasa, ya tare da hannu ƙiri-ƙiri, Malam ya ce a ci gaba tun da bai yi da niyya ba. Mata a baranda muna ta ihu, Gwaggo tana ba da umarni daga kujera. Rabona da dariya irin wannan tun kafin kulle. Direba ya kai wa ƙwallo duka ya sami iska, ya zauna daɓas a cikin da'irarsa, ya ɗaga hannu ya ce a shaida bai fita ba.

Alƙali bai fito ba. Amma labulen ya motsa sau biyu, kuma da mai aski ya tare da hannu na ji an ja tsaki a falo.

Tsakin nan ya fi mini kiɗa daɗi.

Lahadi

Ya ci burodi guda.

Talata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Yau an kusa yin abin kunya. Ƙwallo ta doki bakin bokiti ta dawo, 'yan sama suka ce ta shiga, 'yan ƙasa suka ce ƙarya ne. Malam ya ce a yi ƙuri'a. Mai aski ya cire takunkumi ya nufi Malam, Direba ma ya fito daga da'ira, ana shirin cin kwalar juna.

Gwaggo ta buga sanda a ƙasa ta ɗaga murya: "Ɗan nan! Kai na sama! Fito ka raba su kafin su haɗa numfashi su kashe mu!"

Ban san lokacin da ya buɗe durowa ba. Sai dai na ji busa a bayana, irin mai tsawo ɗin nan da ke shiga har haƙori. Kowa ya daskare. Ya nuna da'ira da yatsa, ƙattin nan suka koma ɗaya bayan ɗaya kamar 'yan firamare. Ya ce, "Ba ta shiga ba." Ya sauka ya tsaya a matakala ya hukunta sauran wasan.

Na ce shi ke nan, an gama. Ashe ba a gama ba. Duk abin da ya busa sai su ce, "To, Alƙali." "Gaskiya ne, Alƙali." Ya ba mai aski katin gargaɗi, mai aski ya ce, "Na gode, Allah Ya ƙara haƙuri." Mai Ganga yana zaune da ganga a cinya kamar an ba shi riƙon jariri. Ina kallon kafaɗun mijina suna sauka a hankali. Da aka tashi suka tafa masa. Tafi! Ya hau bene, ya mayar da usur durowa, ya koma kujerar labule.

Na leƙa ta baranda na harari Mai Ganga. Ya buɗe hannuwa ya ce, "To ai bai cuce ni ba."

Laraba, ƙarfe tara na safe

Rabin burodi.

Juma'a, bayan azahar

Ya ce gobe ba zai sauka ba. Ya ce yana juyawa dama ba ya ganin kowa. Ashe ran Talata sau uku ya juya, ni ban lura ba.

Na ce, "Gwaggo ta ce in ba ka sauko ba ita za ta hau." Gwaggo ba ta faɗa ba, amma na san za ta iya.

Lafiya lau muke. Kai, na gaji da rubuta wannan.

Asabar, ƙarfe shida da rabi na yamma

Sai na rubuta tun da zafinsa.

Ya sauka. Ni ma na sauka, na tsaya ta wajen famfo, damansa ke nan, da kwandon ɗinki a hannu wai ina rabon takunkumi. Wasa ya yi wasa, ɗaya da ɗaya, saura minti biyu. Mai Ganga ya fara mantawa da ladabi, yana ɗan taɓa ganga da yatsu. Sai Direba ya turo wa mai aski ƙwallo, mai aski ya miƙa ƙafa iya tsawonta ya ɗana ta, ta shige bokitin 'yan sama har da ƙara. 'Yan ƙasa suka ɓarke. Mai Ganga ya yi tsalle, hularsa ta faɗi.

Alƙali bai busa ba. Daga inda yake ba ya ganin ƙafar mai aski ta baya, ko tana cikin alli ko ta fita. Sai ya yi abin da ya yi shekara goma sha huɗu yana yi. Ya juya dama.

Na ga fuskarsa lokacin da ya tuna. Ba zan iya kwatanta ta ba, kuma ba na son in sake ganinta.

Na tura hannu ƙarƙashin ƙyallaye na zaro tutar, na ɗaga ta sama iya ƙarfina.

Gaskiya tsakanina da littafin nan: ban ga ƙafar mai aski ba. Ko kallon wajen ban yi ba. Na ɗaga ne don yana dubawa.

Ya kalli tutar. Ya gane ta. Ya sa usur a baki ya busa, ya ɗaga hannu: satar gida, ba ci.

Wayyo, Mai Ganga! Ashe duk zagin mako shida yana nan a ajiye. Ya fizge ganga ya rataya, ya ce, "Satar me? Satar gidan wa? Ƙafarsa tana ciki, makaho ma ya gani! Miji da mata sun haɗa baki! 'Yan sama sun sayi wasa!" Ya doka sau uku, gidan nan gaba ɗaya, har da 'yan saman da aka yi wa alfarma, har da Gwaggo, suka amsa: "Alƙali, ina tabarau?" Ya sake dokawa ya nuno ni da makaɗi: "Mai tuta ma ina tabarau? Tela ce, layi ma ba ta iya gani!"

Ni aka zaga. A gaban jama'a. Wallahi daɗi na ji.

Alƙali ya fara dariya, kafaɗunsa na girgiza. Sai ya zauna a matakala, dariyar ta juye. Usur yana bakinsa, kukan yana fita ta cikinsa, fit, fit, fit, kamar ɗan tsako. Kukan da bai yi ba ranar Talatar rasuwa, yau ya yi shi a gaban kowa. Ni kaɗai ke da ikon matsawa kusa da shi, na je na zauna, tutar a cinyata, ya kama sandar daidai inda ta yi sulɓi.

Ganga ta yi shiru. Mai Ganga ya tsaya sororo, ya fara cewa, "Alƙali, ka yi haƙuri, ni ban..."

Alƙali ya cire usur, ya share fuska da hannun riga, ya ce, "Wa ya ce ka tsaya?" Ya miƙe, ya lalubi aljihu, ya ɗaga masa jan kati.

Mai Ganga ya ce, "Ja? To ina za ni? Waje dai an hana fita!"

Gwaggo ta ce, "Ka shiga firji."

An tashi ɗaya da ɗaya. Har yanzu ina jiyo mai aski a ƙasa yana rantsuwa ƙafarsa ba ta fita ba, kuma ina kyautata zaton gaskiyarsa ce.

Lahadi, ƙarfe goma na safe

Ya kira matar Mai Tuta, sun daɗe. Na bar musu falon. Da na dawo takardar da na manna a rediyo ba ta nan, tana aljihun rigarsa, ya ce gobe Litinin zai kira ma'aikaciyar, yau hutu ne. Likita ta ce kada in saki jiki, abin yakan tafi ya dawo, in ci gaba da sa ido. Na ce ai yanzu ni ce mai tuta, sa ido aikina ne.

Ta ce, "Ya jikin nasa, Umma?" Na buɗe baki zan ce lafiya lau, sai na ce, "Da sauƙi." Wannan karon ba ƙarya na yi ba.

Ya tsayar da ni a baranda rabin awa yana koya mini riƙon tuta. Wai jiya na ɗaga ta kamar mai korar kaji. Hannu a miƙe, ido a kan ƙafar baya, kuma ba a murmushi. Sai ya ce, "Tsakaninki da Allah, kin ga ƙafar nan ta fita?"

Na ce, "Alƙali, hukunci ya wuce."

Ya ce, "Haka shi ma yake cewa."

Litinin, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Mai Ganga ya aiko da saƙo a kwando, tsohon tabarau mai ido ɗaya, an rubuta a takarda: na uwargida.

Na ajiye kofi a kan rediyo. Wannan karon mantuwa ce ta gaskiya, ina sauri roba ta tsinke mini. Ban kai ga keke ba na ji gyaran murya a bayana. Na juyo, ga katin gargaɗi a sama, hannu a miƙe, fuska a ɗaure.

Ya ce in na sake, ja ne.

Na riga na ɗora ruwan shayi na biyu.